Baƙon da Ya Zo Cikin Kwalaye

Ranar Talata ce, da ƙarfe shida da kwata na yamma, dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Baba Shiru. Yana zaune a ƙofar ɗakin baƙi, hatimin jami'a a hannunsa, littafi buɗe a cinyarsa. Ya ɗaga kai ya saurara. Rana ta yi ja ta kwanta a bayan katanga, yaran layi duk sun shige gida. Sai na biyu ya faɗo, ya gangaro a hankali har bakin indararo, ya tsaya can bai sauko ba.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Baba Shiru, don ya tsufa a ɗakin karatu na jami'a yana ɗora yatsa a leɓe. Aikin ƙarshe da aka ba shi kafin ritaya shi ne ya tara wa sabon sashen nazarin zamantakewar al'umma littattafai. An ba shi dogayen kantoci na ƙarfe, ba a ba shi abin jerawa ba. Ya roƙi tsofaffin malamai, ya bi masu kasa littattafai a bakin titi yana tsugunawa yana tonawa. Duk da haka ɗalibai kan yi layi a kan littafi guda, wanda ya samu ya ɓoye shi a bayan na lissafi don gobe.

Ana cikin haka Dakta ya zo masa da mota cike da kwalaye. Dakta shi ne shugaban sashen, amininsa tun suna samari, wanda Auta, 'yar Baba Shiru, take kira Baffa. Ya ce littattafan wani farfesa ne da ya rasu, matarsa ta bayar kyauta.

"Sito na jami'a yana yoyo," in ji shi. "Ajiye su a nan ka yi musu rajista a natse. Ga wannan kuma." Ya miƙa masa gwangwanin hodar kashe ƙwari. "Ka barbaɗa sosai, kwali-kwali, kada ka yi rowa."

Baba Shiru ya yi abin da kowane ma'aikacin laburare zai yi. Ya rarraba su, na iyali gefe, na birane gefe, na ma'aikata da na masu laifi gefe. Ya buga wa kowanne hatimi, Auta tana rubuta lamba tana liƙawa a ƙeya. Sannan ya barbaɗa hodar har ƙasan kwalayen.

"Saura ka ba su ɗakin kwananmu, mu koma tsakar gida," in ji matarsa. "Ni ko kallon da kake yi musu ba ka taɓa yi mini ba."

"Ke ai ba a aronki, Inna," in ji Auta, suka yi dariya.

Kashegarin wannan dariya aka fara jifa.

Kullum da faɗuwar rana duwatsun suke zuwa, ba a ganin mai jifa. Daga baya aka fara jin motsi a ɗakin baƙi, kamar mutum yana buɗe shafi a hankali da yatsa mai yawu. Ƙarƙashin wannan kuma akwai wani siririn kuka irin na yaro da ya gaji da kuka. In gari ya waye sai Baba Shiru ya tarar littattafan da ya rarraba sun koma kwalayensu, kowanne inda ya fito. Ya sake rarrabawa, aka sake mayarwa. Bai gaya wa kowa ba a wurin aiki.

Auta ta daina wasa, ta daina cin abinci. Da magariba takan shiga ɗakin ta zauna a ƙasa tsakanin kwalayen tana murza idanu har su yi jawur. Wata safiya ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi ta lalubi iska.

"Baba, kunna fitila mana."

Rana tana tsakiyar tsakar gida a lokacin. Likitan ido ya haska, ya auna, ya ce bai ga komai ba. A hanyar dawowa ta juyo wajen ubanta ta ce da wata murya mai kauri wadda ba tata ba: "Yanzu ka ji yadda abin yake."

Ƙanin matarsa ne ya kawo wani malami mai ruƙiya, siririn dattijo da ba ya ɗaga murya. Ya zo bayan la'asar ya zauna yana jiran lokacin da abin ya saba zuwa. Dakta ma ya biyo ya ji inda aka kwana a kan rajista. Da ya ga malamin sai ya ce yana sauri, amma matar gidan ta riga ta shimfiɗa masa tabarma, kunya ta zaunar da shi kusa da ƙofa.

Da inuwa ta cika ɗakin, malamin ya fara karatu. Bai yi nisa ba Auta ta sandare, wuyanta ya karkace, ta yi wani dogon nishi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai gadi ne. Tun marigayi yana saurayi nake cikin littattafansa, ni da iyalina. Ya san da ni. Mun yi alkawari: ba za a raba su ba, ba za a zuba musu guba ba, ni kuwa in tsare masa su daga gara da ɓera. Ya cika, na cika."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ubanta ya watsa mini gida. Ya zuba farar hoda a kan ƙaramin ɗana yana barci. Yaron ba ya gani. Ido nake bin gidan nan."

Baba Shiru ya ce, "Ban sani ba. Wallahi ban san da kowa a ciki ba."

"Kai ba ka sani ba." Kan Auta ya juya a hankali, idanun da ba sa gani suka tsaya a bakin ƙofa. "Wancan ya sani. Matar marigayi ta zaunar da shi ta gaya masa sharaɗin. Gidansa ya fara kai mu. Da ya taɓa kwali ɗaya na yi masa jifar gargaɗi, ɗansa ya kwana yana firgita. Sai ya kwaso mu nan, ya sayo guba ya sa a hannun wani, don in an gama da mu ya karɓi littattafai masu tsabta."

Baba Shiru ya dubi amininsa. Ya jira ya ce ƙarya ne, ya jira ko da tsaki. Dakta yana kallon tabarma.

"Na ɗauka camfin tsohuwa ne," ya ce da ƙyar.

"Camfi ne ka fitar da su daga gidanka?" in ji matar Baba Shiru, muryarta ƙasa-ƙasa. "Yarinyar nan a hannunka ta koyi tafiya."

Malamin ya ɗaga hannu, ya koma ga mai maganar. "An cuce ka, na ji. Amma wadda ka kama ba ta cuce ka ba, kuma jikin ɗan Adam ba gidanka ba ne. Za ka fita."

"A mayar da littattafan yadda suke, a kulle ɗakin nan, kada kowa ya sake buɗe su. In zauna da su, in saki yarinya rabi, in riƙe ido ɗaya jingina."

"Babu jingina."

"To in na tafi, na tafi ɗungurungum. Abin da na tare shekara da shekaru yana nan ƙarƙashin ƙasa yana jira. Mai gida ya zaɓa."

Baba Shiru ya dubi kwalayen. A cikinsu akwai littattafan da ya yi rabin rayuwarsa yana jin sunansu bai taɓa riƙewa ba. Ya ga kantocinsa na ƙarfe, ya ga layin ɗalibai. Bai daɗe yana kallo ba.

"Tafi," ya ce. "Ka yafe mini ɗanka. Bar mini tawa da idonta biyu."

Malamin ya sa aljanin ya yi rantsuwa ba zai dawo ba, ya ci gaba da karatu. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ƙafarta ta hagu ta girgiza, ta sulale jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, me ya sa kike kuka?" Da aka waiwaya bakin ƙofa, tabarma ce kawai.

Da safe Baba Shiru ya ɗaga murfin kwalin farko. Bangon littattafan na nan a jere da lambobinsu da rubutun Auta. Ya ɗauki ɗaya, ya ruguje a hannunsa. Ciki jar ƙasa ce da gara tana kai da komowa. Haka na biyu, haka na ƙarshe.

A taron sashen, Dakta ya bayyana cewa ma'aikacin laburare ya kwashe kyautar marigayi zuwa gidansa ba da izini ba, ya bar ta ta lalace. Baba Shiru yana zaune a kujerar baya. Aka tambaye shi ko yana da abin faɗa. Ya duba fuskokin masu digiri da ke wurin, ya auna yadda maganar aljani za ta sauka a kunnensu, ya ce babu. Aka sallame shi kafin lokacinsa.

Ƙanin matarsa ya koma garinsu. Malamin bai karɓi komai ba, ba a sake ganinsa a layin ba. Dakta ya sami ƙarin girma, ya tashi daga unguwar. Waɗanda suka rage a gidan su ne Baba Shiru, wanda ba ya zuwa ko'ina yanzu sai masallaci da asibiti. Da matarsa, wadda ta wanke ɗakin baƙi ta mai da shi wurin ajiye tukwane. Da Auta, wadda take gani sarai, har ta zura wa uwarta zare a allura, amma ba ta sake kiran kowa Baffa ba.