Marin da Ya Kusa Cinye Muryar Kaka

A garin Roni akwai wata yarinya 'yar aji shida, mai gaggawar tsiya. Rediyon gidansu in ya ƙi magana, mari ɗaya take ba shi ya dawo hayyacinsa.

Babanta, Malam Ɗayyabu, yana da wata tsohuwar kwamfuta. A cikin faifan ajiyarta akwai muryar Kaka, wadda ta rasu bara. Tana ba da tatsuniya, tana kiran shanunta da sunayensu. Babu inda aka ajiye muryar sai nan.

Wata Asabar da hantsi yarinyar ta kunna kwamfutar don ta ji Kaka. Faifan ya tsufa, ga shi ya cika maƙil. Sai ƙugi yake yi, abu ya ƙi buɗewa.

"Ke ma sai an taɓa ki ke nan," in ji ta. Ta zabga wa kwamfutar mari biyu.

Sai ta ji ƙas, ƙas, ƙas. Allon ya yi baƙi.

Da Baba ya dawo daga gona ya ji abin da ya faru, bai dake ta ba, bai yi faɗa ba. Ya zauna ya daɗe yana kallon allon.

"Muryar Innata ce a ciki," abin da ya ce ke nan. Ranar ko tuwo bai ci ba. Ita kuwa ji take da ma dukan ta sha.

Ran Litinin suka kai kwamfutar wurin Malam Zaharadeen, malamin kwamfuta na makarantarsu. Ya kasa kunne ga ƙarar faifan, ya girgiza kai.

"A ciki akwai faranti mai juyawa sau dubbai a minti ɗaya," in ji shi. "Akwai 'yar allura tana shawagi a kansa, tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba. Da kika yi marin, sai ta karce shi."

"Malam, ai ɗan karce ne," ta ce a hankali.

"Wurin da bai fi ƙwayar gero ba, ana cusa masa abin da ya fi littattafan ajinku. Ɗan karce a nan babbar ɓarna ce."

Ta fashe da kuka.

Malam ya fara kwashe abin da ya tsira zuwa sabon faifai mai sauri. Tsohon faifan kuwa rarrafe yake yi. Kwana uku aka yi. Kullum in an tashi daga makaranta sai ta zo ta tsaya, hannuwanta a baya.

Tatsuniyoyi biyu sun tafi har abada. Amma a rana ta uku sai ga muryar Kaka tana kiran saniyarta Bakane, har da 'yar dariyarta.

Baba ya yi dariya yana share ido. Ya dafa kan 'yarsa.

Suka ajiye muryar a wuri biyu. Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa abin da ba ka san cikinsa ba, ba a gyara shi da duka. Haƙuri ake yi, a tambayi wanda ya sani. Har rediyon ma ya huta.