Sunan da Ya Ƙi Goguwa

Kowa ya tashi aiki, sai sakatariyar asibitin kaɗai, tana jera sunayen masu jiran ganin likita da makiro, wato maɓallin jera sunaye da ta haɗa a jadawalin kwamfuta. Tana dannawa, wani suna ya haye sama: dattijon da ta ɗage wa rana sau uku don ta shigar da danginta, har ya rasu. Makon jiya ta goge shi, kada likita ya gani.

Ta sake gogewa, ta danna. Ya dawo.

"'Yata," aka ce a hankali daga benci, "ba komai, zan jira."

Alhali ita ta kulle ƙofar da hannunta tun ɗazu. Kunya ta hana ta ɗaga kai. Tsofaffin takalmansa kawai ta gani, ba sa taɓa ƙasa.