Ruwan Zafi a Maƙabartar Bakin Tafki

Ku matso, ku rage murya. Wanda ya san yana firgita cikin barci ya tashi tun yanzu.

Nafi'u ɗan Yauri ne. Yayansa Murtala ne ya ja shi Amurka, wani gari can arewa, a bakin tafkin da ba a hango ɗaya gaɓarsa. Ɗakinsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya.

A shekarar, lokacin tafiyar sanyi ya yi, sanyi ya ƙi tafiya. Tafkin kuma ya ƙi daskarewa. In iska mai sanyi ta bi ta kan ruwan, sai ta kwaso danshi ta zazzage wa garin dusar ƙanƙara. Kamar bango take tahowa. Wannan layin rana, na gabansa ba ka ganin tafin hannunka.

Wata safiya Murtala ya fita da shebur zai share ƙofar gida. Shiru bai shigo ba. Nafi'u ya leƙa, ya same shi a durƙushe, goshi a kan dusar, kamar mai sujada. Likita ya ce zuciya ce.

Nafi'u bai yi kuka ba. Ya nemi kukan, bai same shi ba.

An yi wa Murtala wanka, an yi masa sutura. Sai masu maƙabarta suka ce a dakata. Ƙasa ta daskare kamar dutse, motar haƙa ma ba ta da hanyar shiga. Suka nuna masa gurbin kabarin, sun kafa 'yar tuta ja. Suka ce ana sa ran ɗumi mako mai zuwa. Kafin nan, gawa ta jira a firij.

Baba Ilu, dattijon Damagaram mai tuƙa tasi, shi ne uban Hausawan garin. Ya dafa kafaɗarsa.

"Haƙuri za ka yi, ɗana. Nan ba gida ba ne. Nan ƙasa ma sai ta ga dama."

Amma akwai Inna, mahaifiyarsu, can Yauri. Kullum sai ta sa an kira mata shi.

"An kai shi?"

"Tukuna, Inna."

"Me ya yi muku?"

"Ƙasar ce, Inna. Ta daskare."

"Ɗana a firij. Kamar kifi."

Ƙanwarsa ta karɓi wayar, ta yi ƙasa da murya. Ta ce Inna ta rantse ba abin da zai shiga bakinta sai an rufe Murtala. Ruwa kawai, shi ma kurɓi. Ga ciwon suga. Jiya sai da aka riƙe ta ta yi alwala.

Nafi'u ya ajiye wayar. A gida, in ƙasa ta yi tauri, ruwa ake zuba mata kafin a sa diga. Wadda sanyi ya ɗaure, ai zafi zai kwance ta. Iyakar tunaninsa ke nan.

Ya tafasa ruwa ya cika jarkoki. Ya ɗauki diga da shebur ɗin Murtala. Bai gaya wa kowa ba. Inda mota ta tsaya, ya ci gaba da ƙafa, yana jan kayan a kan dusar. Sanda ya isa gun tutar, magariba ta kawo jiki.

Kun san abin da iyaye ke faɗa mana. Ba a zuba ruwan zafi a ƙasa ba bismillah, balle da magariba. Akwai masu zama a wurin, ba ka ganinsu. Nafi'u ya san haka tun yana yaro. Amma tun ranar da Murtala ya faɗi, bakinsa ya zama kango, ba addu'a a ciki.

Ya share dusar, ya tuntsurar da jarka ta farko. Tururi ya tashi. Kafin ya ɗaga diga, ruwan ya zama gilashi. Ya ƙara wa ƙasar tauri.

Ya zuba ta biyu.

Sai ya ji wani ɗan kuka, siriri, daga ƙarƙashin ƙafarsa. Kamar na jaririn mage. Ya yi, ya ɗauke.

Ya ɗaga kai. Bangon nan fari yana tahowa daga tafki. Ya haɗiye itatuwa, ya haɗiye kaburbura. Duniya ta rage shi da tuta ja.

"Sannu da aiki."

Da Hausa. Hausar bakin kogi, irin ta gida.

Tsohuwa ce a tsaye a ɗaya gefen gurbin. Zane ɗaya a ƙirji, kafaɗu a waje. Ba takalmi. Shi ya nutse har gwiwa, ita tana tsaye a saman dusar, ko lotsawa ba ta yi ba. Nasa numfashin yana fita fari. Nata babu. Bakinta ya riga ya rufe kafin muryar ta iso, kuma ta bayan kunnensa ta iso.

Ya jira tsoro ya zo. Bai zo ba.

"Yauwa, Iya," in ji shi. "Daga gida kike?"

"Kai a ganinka ku kaɗai ke samun biza?"

Ta nuna inda ya zuba ruwan.

"Ɗan wa ne kai, da ba a koya maka bismillah ba? Ka ƙona mini jika."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙurin kawai?"

"Ba ni da wani abu, Iya. Yayana na firij. Uwata ta daina cin abinci."

Ta daɗe tana kallonsa. Dusar na sauka a kafaɗarta, ba ta narkewa.

"Ba ruwa ƙasar nan take so ba. Ɗumin mai rai take so. Jikana ma shi zai sha ya warke. Kana da shi?"

"Ban sani ba."

"Cire safar."

Ya cire safar hannun dama. Ta kama wuyan hannun, ta danna tafin a kan ƙanƙarar. Yatsunta ba sanyi, ba ɗumi. Kamar itace.

"Ɗumin ba ya dawowa fa," in ji ta.

"Inna za ta ci abinci?"

"Za ta ci."

"To."

Ya ji abin yana sauka daga ƙirjinsa, yana bin damtse, yana tsiyaya ta tafin hannu. A hankali, kamar ana tatsar saniya. Babu zafi. Ƙanƙarar ta yi ƙara, ta tsage. Wani ƙamshi ya taso, na ƙasar Yauri ranar ruwan farko.

Da ya ɗago, ba kowa. Ba sawu.

Ya sa shebur. Ƙasar ta amsa kamar garin tuwo. Ya yi ta haƙa, ba gumi, ba haki, har kabari ya kai.

Washegari masu maƙabarta suka tsaya a bakin ramin suna kallon juna. Baba Ilu ya yi musu magana, suka yarda. A kafaɗa aka shigo da Murtala, cikin dusa har gwiwa. Aka sallace shi, aka rufe.

Baba Ilu ya ba Nafi'u hannu. Nan take ya janye nasa.

"Ɗana, wa ya taya ka?"

"Wata Iya."

Leɓunan dattijon kawai suka shiga motsi da addu'a.

Nafi'u ya kira gida.

"An kai shi, Inna."

Can sai ya ji ta ce da ƙanwarsa, "Dama mini kunu."

Ɗumin da aka ce yana zuwa, ya zo. Rufin gidaje suka yi ta ɗiga, kwalbatoci suka cika, mutane suka fito da riga ɗaya suna dariya. Nafi'u ya tsaya a rana. Yana ganinta a jikinsa, ba ya jin ta. Ya riƙe kofin shayi har tafinsa ya tashi, bai sani ba sai da ya ga bororon.

Daga baya ya koma Yauri, tsakiyar bazara, lokacin da kwalta ke narkewa. Ya sauka da rigar sanyi. Yara suka yi ta binsa da kallo.

Inna na zaune a tabarma, ta yi ƙiba kaɗan. Ya durƙusa. Ta kama hannunsa, ta ji abin da ta ji. Ba ta saki ba. Ba ta tambaya ba. Ta sa shi tsakanin tafukanta tana murzawa, tana hura masa iska, har aka kira la'asar.

Har yau tana yi, kowace yamma. Har yau hannun sanyi kamar randa.

Don haka in ƙasa ta ce ku jira, ku jira. In kuwa ba za ku iya ba, kada ku tafi ku kaɗai, kada ku tafi da magariba. Kuma ko me ya cinye muku zuciya, ku rage wa bakinku bismillah.