Kalilu Mai Kashe Fitila

Mugun hali ne mutum ya bi hanyar jama'a yana ɓoye kansa. Kalilu ɗan fasa-ƙwaurin fetur ne a Jibiya. In zai tsallaka Nijar da dare, kashe fitilar babur yake don kada 'yan kwastan su hango shi.

Rannan a dajin Riko ya bangaji wani abu mai laushi, ya taka burki. Tsohuwa ce tsaye gabansa tana warin jiƙaƙƙiyar toka, amma muryarta daga bayansa take fitowa.

"Ɗan nan, jirgin sama ma in ya yi ƙasa-ƙasa, kunna fitila yake don a gan shi. Kai wane ne?"

"Inna, kauce. Ni ba ni son a gan ni."

"To, an ba ka."

Da asuba ya dawo gida, ya yi sallama har sau uku. Matarsa Fatu ta dubi ƙofa, ta ci gaba da hura wuta. Ya kama hannunta, sai ta ce, "Kai, yau ana sanyi."

Da aka gaji da cigiya, aka yi masa sadaka yana tsugune a zaure. Gona ta koma hannun ƙanensa, ɗakinsa aka zuba gero, Fatu ta gama takaba ta yi aure. Ko mai amsa masa sallama bai rage ba.