Durƙuson da Ya Tsinka Jijiya

"Ki durƙusa mana... ko ke ma Hajiya ce?"

Safara'u ce ta faɗa a gaban matan gidan suna. 'Yar ƙanwar Inna Mairo ce, ta daɗe tana hango kanta a ɗakin Ja'afaru. Zulaihatu na tsaye gaban Inna Mairo, uwar saurayinta Ja'afaru.

Shekaru ke nan tana shan ƙwayar asibiti, saboda ciwon da garkuwar jikinta ke yaƙar gaɓoɓinta. Ƙwayar ta cika mata kumatu, mutanen ƙauye suka ce hutu ne. Hutu, a shekarar da tuwo sau ɗaya ma sai mai rabo! Likita ya ce maganin yana cin jijiya, ta bar durƙuso. To amma wa ke gaida suruka a tsaye?

Ta durƙusa har ƙasa.

Wajen tashi aka ji ƙas! Ƙoƙon gwiwarta ya haura sama, ƙafar ta ƙi miƙewa.

Aka ce a kira mai ɗori. Ja'afaru ya ƙi, ya ari motar kai hatsi kasuwar Bagwai ya wuce da ita Kano, aka ɗinke jijiyar.

Kafin su dawo Safara'u ta gama aikinta na zuga. Wa zai yi daka? Wa zai je rijiya? Inna ta ce a fasa auren.

"Ka bi maganar Inna," in ji Zulaihatu, fuskarta na kallon bango. "Ni na zama kaya."

"Kayana ne, Zulai. Ban ce wani ya taya ni ɗauka ba."

Kwana da kwanaki ba ta da sukuni. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta kasa kunne, ko saƙon fasa auren ne. Ba ta san Ja'afaru ya je ya gaya wa uwarsa abin da ita ta ɓoye ba: tana sane da gargaɗin likita ta durƙusa.

Ranar Juma'a sai ga sallamar Inna Mairo. Zulaihatu ta fara jan ƙafar da ke cikin filasta, za ta sauko daga gado.

Inna ta dafa kafaɗarta ta mai da ita, ta zauna kan tabarma tana share ido da bakin mayafi.

"Zauna, 'yata. Gaisuwar da kika yi mini rannan ta ishe ni har in koma ga Allah. Bayan kaka za mu zo ɗaukar ki."