Muryar Kyauta Daga Bayan Zana

"Faɗi mana, Ilu! Halimatu ce ta shayar da shi!"

Sai da maganar ta fita sannan Kyauta ta gane daga bakinta ta fito.

Duk filin ya waiwayo wajen zana...

Duk watan Mauludi makarantun Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar kan haɗu a ƙofar gidan mahaifinta, Malam Haladu. Kowace makaranta ta tsayar da ɗalibi guda ya ba da tarihin Manzon Allah da ka, wanda ya fi iya magana a naɗa masa rawani. Mata kuwa daga bayan zana suke saurare.

Ilu ne ya tsaya wa Gagarawa. Tun bara da ya zo ɗaukar karatu wurin Malam suka shaƙu da Kyauta, ya yi mata alkawarin in ya ci rawanin zai turo magabatansa. Ya fara tiryan-tiryan, can sai ya kafe a kan sunan matar da ta shayar da Manzon Allah. Ita kuma zuciya ta ɗebe ta.

Dariya ta ɓarke.

"Ashe malamarsa na bayan zana!" in ji wani.

Ilu ya sunkuyar da kai ya fice. Rawani ya tafi kan Ubale na Maigatari, ɗan wan Malam, wanda ya daɗe yana son Kyauta tana kauce masa.

Malam ya shigo gida ko takalmi bai cire ba.

"Kyauta! Sunan namiji a bakinki, gaban malaman gari huɗu?"

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Ɗan majemi! Yaron da ubansa ke jiƙa fata! Shi kika zaɓa ki zubar mini da mutunci a kansa?"

Ta durƙusa tana kuka, ta kasa ɗaga ido.

Daga ranar ta daina zuwa rijiya. Ko sallamar maƙwabta ta ji sai ta shige ɗaki. Zunɗen mutane bai kai mata ciwon tuna fuskar Ilu ba. Ita ce ta mai da shi abin dariya.

Ranar wata kasuwar Gumel da la'asar, gwaggonta Mero ta leƙo.

"Tashi, 'yar nan. Ga shi can a zaure."

Ta je, ta tsaya jikin bango, mayafi ya rufe mata fuska.

"Yaya Ilu... ka yafe mini. Na kunyata ka."

"Ke?" in ji Ilu. "Kyauta, ni ne ban da fuskar kallonki. Kin san abin da ya ɗaure mini harshe? Ana gab da kirana Ubale ya raɗa mini wai an ba shi ke, kuma kin amince. Ina cikin magana na hango shi zaune kusa da Malam yana murmushi, komai ya gudu daga kaina."

"Kuma ka yarda?"

"Na yarda... Wannan ce kunyata, masoyiyata. Ina zarginki a zuci, ke kuma kina sayar da mutuncinki don ki cece ni."

Hawaye ya zubo mata.

"Wallahi ko a mafarki ban taɓa amsa masa ba!"

Gyaran murya suka ji. Malam Haladu ne tsaye a bakin ƙofa, ya dawo daga masallaci. Kyauta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ubale ne ya ce na ba shi 'yata?"

"Shi ne, Allah gafarta Malam."

Malam ya sunkuyar da kai. Shi da hannunsa ya naɗa wa Ubale rawanin nan.

"Jinina ne ya yi ƙarya da sunana a taron Manzon Allah," ya faɗa a hankali. "Ni kuma na tsaya ina ƙyamar sana'ar ubanka. Kai ma sai ka yafe mini, yaro."

Ilu ya zube ƙasa.

"Haba Malam, ni wane ne..."

"Tashi. Ka gaya wa mahaifinka in an gama girbin gero ina jiransa."

Kyauta ta kwasa da gudu cikin gida, ta faɗa jikin Gwaggo Mero tana kuka tana dariya.

"Gwaggo, da wane ido zan sake kallon Baba?"

Mero ta share mata hawaye da bakin zaninta.

"Shi ma tambayar da yake yi wa kansa ke nan a zaure. Tashi ki kai masa ruwa."