Ranar Da Ummi Ta Kira Sunansa

"Tsayar da motar, Fahad! Don Allah tsaya!"

Ya taka burki a gefen kasuwar Zahir. Rumasa'u ta toshe kunnuwanta, jikinta sai ɓari yake. Babbar mota ce kawai ta wuce su da ƙarar hon.

"Ina nan, habibti... ja numfashi a hankali."

Shekara biyu ke nan da hatsarin hanyar Ta'if, inda ƙanwarta Manar ta cika a kan cinyarta. Tun lokacin take zuwa wajen duktura, likitar ƙwaƙwalwa, kowace Talata, tana koyon faɗin abin da ke cin ranta.

Saudat, 'yar kawun Fahad da ta rako su sayen zoben baiko, ta taɓe baki. Ta daɗe tana son sa. Kafin magariba ta kai wa mahaifiyarsa, Hajiya Larai, labarin cewa yarinyar aljanu gare ta.

"Kalas! Zance ya ƙare!" in ji Hajiya da Fahad ya shigo gida. "Ba za ka kawo min mai taɓin hankali ba!"

"Ummi, ba hauka ba ne. Firgici ne, kuma tana samun sauƙi..."

"Na gama magana."

Da Fahad ya sanar da ita, Rumasa'u ta share hawayenta.

"Kai ni wajenta, nurul ƙalbi. Ni zan faɗa mata da bakina."

Bayan la'asar ta durƙusa gaban Hajiya a gidansu na unguwar Ka'akiyya. Ba ta ɓoye komai ba, har nauyin kan Manar a cinyarta.

Hajiya ta ajiye kofin shayinta.

"Ni ma na binne ɗa a hanyar Sudan," ta ce. "Yayan Fahad. Shekara talatin ban iya kiran sunansa ba."

"Ya sunansa, Ummi?"

"Suhaibu..."

Suka rungume juna suna kuka.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Firgicin bai tafi gaba ɗaya ba, amma in ya zo, hannun Fahad na cikin nata.

"Amaryata jaruma," yakan ce, ita kuwa ta rufe fuska tana dariya.

Hajiya ce ke raka ta asibiti yanzu. Wata Talata, da Rumasa'u ta fito daga ɗakin duktura, sai tsohuwar ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Riƙe min jakata, 'yata. Yau ni ma ina da magana."